Me Ya Sa Muke Mafarki, Kuma Me Ya Halatta Mu Gina a Kansa?

 

Tunda yawancinmu 'yan kasuwa ne, bari mu fara da lissafi. Mutumin da ya kai shekara 60, in yana barcin awa 8 a kullum, ya kwashe shekara 20 cur a kwance. Masu binciken barci sun ce kowannenmu yana yin kamar awa 2 yana mafarki a kowane dare, ko ya tuna ko bai tuna ba. In ka buga wannan a shekara 60 za ka samu kusan shekara 5. To shagon da mutum ya yi shekara 5 yana shiga yana fita, ai ya kamata ya tambayi kansa me ake sayarwa a ciki, waye kuma mai shagon.

Tambayar ba ta hira ba ce kawai. Duk wanda ya taɓa jan mutane salla a unguwannin nan ya san cewa bayan sallamar Asuba da wuya a watse ba wanda ya matso ya ce, "Malam, na yi wani mafarki." Wani baikon 'yarsa yake shirin fasawa saboda abin da ya gani. Wani jarinsa zai kwashe ya zuba a wata harka. Wata kuma ta daina gaisawa da maƙwabciyarta tun daren Talata.

Bari mu ɗauko ta ɓangaren likitoci tukuna, don ilimi kayan mumini ne duk inda ya tsince shi. A shekarar 1953, a Jami'ar Shikago ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman sun lura cewa akwai lokutan da idanun mai barci ke ta kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido. Da suka riƙa tashin mutane a daidai wannan lokaci, mafi yawansu sai su ce mafarki suke yi. Daga nan aka gane barci ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, mutum ya nutse can ƙasa sannan ya taso zuwa matakin da ƙwaƙwalwa ke aiki kusan kamar a farke. Wannan mataki gajere ne a farkon dare, yana ƙara tsawo yayin da gari ke shirin wayewa. Shi ya sa mutanenmu da ke tasowa daga Mararaba ko Suleja ko Kubwa tun goshin Asuba don gudun cunkoson hanya suka fi kowa tuna mafarki: ƙararrawar waya tana yanke su ne a tsakiyar labari. Wanda kuwa ya ce shi ba ya mafarki, yana yi, mantawa yake.

Akwai wata rahama a nan da ba mu cika gode mata ba. A wannan mataki ana ɗaure gaɓoɓin mutum, in ban da idanu da numfashi. Ba don haka ba, da wanda ya yi mafarkin ya kama ɓarawo a shago, mai ɗakinsa ce za ta sha naushi. Wani lokaci kuma hankali kan riga jiki farkawa, ɗaurin bai kwance ba tukuna, sai mutum ya ji an danne masa ƙirji, yana son ihu murya ta ƙi fita, har ya ga kamar inuwa a bakin ƙofa. Wannan shi ne dannau da muka sani tun muna yara. Ba mu musun aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma a lura da waɗanda dannau ya fi kamawa: masu gadi, direbobin dare, ɗalibai lokacin jarrabawa, wato masu barcin yanke-yanke, musamman in an kwanta rigingine. Wanda abin ya dame shi ya riƙe Ayatul Kursiyyu da azkar na kwanciya, ya kwanta ta gefen dama, ya kuma ba jikinsa haƙƙinsa na barci. Da yawa a nan maganar take ƙarewa, ba sai an kai ga baƙin bunsuru ba.

To amma me ya sa ƙwaƙwalwa ke wannan aiki? Nan masanan suka rabu. Bayanin da ya fi kwanta mana a rai shi ne wanda kowane mai shago zai gane. In an tashi kasuwa ba ka kulle ƙofa haka nan ka tafi. Sai ka ƙirga ciniki, ka rubuta wanda ya ci bashi, ka mayar da kaya mazauninsu, ka share abin da ya zube. Ƙwaƙwalwa ma da dare take nata rufe littafin: abin da aka gani da rana ta tace shi, wani ta adana, wani ta watsar. A 2001 masu bincike a jami'ar MIT sun sa ɓeraye gudu a wata hanya suna auna motsin ƙwaƙwalwarsu, da ɓerayen suka yi barci sai aka ga irin wannan motsi ya maimaitu, kamar suna sake bin hanyar. Mu da muka yi makarantar allo da Islamiyya ba mu yi mamaki ba. Karatun da aka biya kafin a kwanta, da Asuba ya fi zama daram. Wasu likitoci biyu na Harvard, Hobson da McCarley, sun kawo nasu a 1977, suka ce saƙonni ne barkatai ke tasowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ita kuma sai ta harhaɗa su ta yi labari, kamar tela ya tara ragowar ƙyallaye ya ɗinka wa yaro riga. Shi kuwa Freud, wanda littafinsa kan mafarki ya fito wajen 1900, cewa ya yi buri ne da sha'awa da mutum ya ɓoye wa kansa suke fitowa da ɓad-da-kama. Na bayansa sun yi watsi da da yawa daga maganganunsa, mu ma ba za mu tsaya a kansa ba.

Abin da muke so a lura shi ne, duk wannan bayani yana zagaye ne a kan nau'i guda na mafarki, kuma nau'in nan an riga an gaya mana sunansa fiye da shekara 1400 da suka wuce. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim ya kasa mafarki uku: na bushara daga Allah, na firgitarwa daga Shaiɗan, da wanda mutum ne kawai ke zance da zuciyarsa. A ganinmu, kuma muna faɗa ne bayan shekaru muna sauraron mutane, na ukun nan shi ne mafi yawan abin da ake kawo mana. Ɗan canjin Zone 4 ya yi mafarkin dala ta faɗi yana riƙe da ita. Mai tebur a bakin kasuwa ya ga motar jami'ai ta zo kwashe kaya. Wanda rusau ya taɓa ci a zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, har yau yakan ga jan fenti a bangon ɗakinsa. A farkon 2023 da aka canza takardun naira kuɗi suka ɓace, mutum nawa ne suka kwana suna bin layin banki a cikin barci? Dattijuwar da ta bar Funtuwa ko Maraɗi shekara 30 tana ganin tsakar gidan da ta girma, da rijiyar, da bishiyar darbejiyar. Waɗannan ba sa buƙatar mai fassara. Hatta wanda aka haifa makaho yana mafarki, amma nasa ya fi cika da murya da ƙamshi da taɓawa. Wato telan nan na dare da yadin da ka kawo masa yake ɗinki.

Kada kuma a raina wannan nau'i don an ce zancen zuci ne. Amfaninsa babba ne, don madubi ne. Da rana muna iya ɓoye wa mutane abin da ya cika mana rai, har mu ɓoye wa kanmu, amma da dare ba mai tsaron ƙofa. In wata guda ya wuce kullum kuɗi kake ƙirgawa a mafarki, ko kullum faɗa kake da ɗan'uwan da kuka raba gado, to ba labarin gobe aka ba ka ba, labarin zuciyarka ta yau aka ba ka. Ba za a rubuta maka zunubi a kan abin da ka aikata kana barci ba, an ɗauke wa mai barci alƙalami har ya farka. Sai dai mai hankali yakan tambayi kansa me yake ɗura wa ransa da rana. Wanda abin ƙarshe da ya kalla kafin ya rufe ido shi ne hotunan gawarwaki da ake turowa a WhatsApp, kada ya zargi maƙiya in dare ya yi masa tsawo.

Akwai kuma mafarkin da ciwo ne. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo munanan mafarkai da sambatu, haka tuwo mai nauyi da ƙarfe 11 na dare, haka ƙwayoyin da matasanmu ke afawa irin su tiramol. Mafi tsanani shi ne na wanda ya ga tashin hankali da idonsa. A cikinmu akwai waɗanda suke tashar Nyanya ranar 14 ga Afrilun 2014, akwai waɗanda suke kusa da Emab Plaza a Wuse 2 ranar 25 ga Yunin shekarar, lokacin da bama-bamai suka tashi. Akwai waɗanda suka kwana a daji a hannun masu garkuwa a hanyar Kaduna. Irin waɗannan bayin Allah abu guda ke dawo musu dare bayan dare, su farka jiƙe da gumi. Wannan rauni ne kamar karaya, likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi kuma suna da hanyoyin magance shi. A yi masa addu'a, a kuma raka shi asibiti. Ce masa imaninsa ne ya yi rauni ƙara masa ciwo ne kawai.

Yanzu mu zo kan mafarkin gaskiya, don kada wani ya ce limamin ya koma ɗan boko ya share komai. A'a, yana nan daram, kuma na'urar Shikago ba ta da ma'aunin da za ta auna shi, kamar yadda sikelin mai nama ba ya auna niyya. Da mafarkin gaskiya aka fara yi wa Manzon Allah (SAW) wahayi, kamar yadda Nana A'isha ta ba da labari. Hadisi ya ce mafarkin mumini kashi ɗaya ne cikin 46 na annabci, wasu malamai kuma suka fitar da lissafin: wata 6 na mafarki a cikin shekara 23 na wahayi, ka ga ɗaya cikin 46 ke nan. Kiran sallar da ke tashinmu kullum, sahabi Abdullahi ɗan Zaidu a mafarki ya ji lafazinsa, Sayyidina Umar ma ya ga irinsa. Amma a riƙe wannan da kyau: bai zama shari'a ba sai da Annabi (SAW) ya tabbatar da shi ya ce a koya wa Bilal. Bayan wafatinsa ba sauran mai wannan sa hannun. Shi ya sa malamai suka ce mafarki yana yin bushara, yana yin gargaɗi, amma ba ya halatta haram, ba ya haramta halal.

Mu duba Suratu Yusuf mu ga yadda mafarkin gaskiya ke aiki. Sarkin Masar ya ga shanu bakwai ramammu suna cinye bakwai masu ƙiba, fadawansa suka ce tarkacen barci ne. Da aka kai wa Annabi Yusuf, abin da ya fito daga fassarar shi ne tsarin noma da ajiya: a yi shekara bakwai ana noma, a bar hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan a adana saura. Aiki ya biyo baya, rumbuna suka cika, al'umma ta tsira. Shi kansa Yusuf da ya ga taurari goma sha ɗaya da rana da wata, abin da mahaifinsa ya fara ce masa shi ne ya rufe bakinsa, kada 'yan'uwansa su ji. Kuma bai zauna jiran mafarkin ba. Ya bi ta rijiya, ya bi ta bauta, ya bi ta kurkuku, wasu malaman tafsiri sun ce sai bayan shekara 40 abin ya tabbata. Mu kuwa mafarkin daren Lahadi muke so ya biya mu ranar Litinin.

Sai wata hikima da ta fi zurfi. Aya ta 42 a Suratuz Zumar ta nuna cewa Allah yana karɓar rayuka lokacin barci, ya riƙe wanda ajalinsa ya yi, ya sako sauran. Bahaushe ya taƙaita ya ce barci ƙanin mutuwa. Ka duba: jikinka yana kan katifa a Zone 6, wanda ke gefenka bai ga komai ba, amma kai kana can kana jin daɗi ko kana shan azaba, kuma jin na gaske ne, har da hawaye. Wanda ke tambayar yaya za a yi wa mamaci ni'ima ko azaba alhali ga gawarsa kwance shiru, ai kullum dare ana nuna masa samfur. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya tsaya a kan wannan a littafinsa Almunƙizu minad Dalal. Ya lura cewa mai mafarki ba ya shakkar abin da yake gani sai ya farka, sannan ya tambaya: me ya ba mu tabbacin cewa wannan farken namu ba zai zama kamar mafarki ba in aka gwada shi da wata farkawa da ke gaba? Duk wanda ya tsaya a kasuwar Wuse a watan Maris na 2024 yana kallon shagon da aka yi shekaru ana tarawa ya koma toka cikin awa guda, ya san tambayar Gazali ba wasan malamai ba ce.

Matsalarmu ba a yarda da mafarki take ba, a kasuwancin da aka buɗe a kansa take. Ana sayar da littafin fassarar mafarki da sunan Ibn Sirin a bakin masallatai, mutum ya buɗe babin maciji ya karanta "maƙiyi", shi ke nan ya fara ƙirga danginsa. Muhammad Ibn Sirin tabi'i ne mutumin Basra, ya rasu a 110 bayan Hijira, kuma abokin sana'armu ne, yadi yake sayarwa. Masu bincike sun ce littafin nan ba shi ya rubuta shi ba, daga baya aka tara aka jingina masa. Abin da ake ruwaitowa daga gare shi ma ya saɓa wa wannan buɗe-babi. An ce mutum biyu sun zo masa kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla, ya ce wa ɗaya zai yi aikin Hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata, don ya dubi halin kowannensu. To yaya wanda bai taɓa ganinka ba, yana zaune a TikTok, zai fassara maka mafarki bayan ka tura kuɗin kati? An tambayi Imam Malik ko kowa ma zai iya fassara mafarki, ya tsawatar, ya nuna cewa abin da yake yanki ne na annabci ba abin wasa ba ne. Sayyidina Abubakar da kansa ya fassara wani mafarki a gaban Annabi (SAW), aka gaya masa ya dace a wani ɓangare ya kuskure a wani. In haka ta faru da Siddiƙu, ina ga mai allon talla?

Haka maganar istihara. An mayar da ita kamar aika saƙo a jira amsa a mafarki: in an ga fari a yi, in an ga ja a fasa. Hadisin Jabir da ya koyar da istihara raka'a biyu ce da addu'a, babu sharaɗin barci a ciki, balle a ba wani kwangila ya kwana a madadinka. Ka yi bincike, ka yi shawara, ka yi sallarka, ka nufi abin. In alheri ne Allah ya sauƙaƙa, in ba shi ba ne ya kawar. Yarinya nawa aka fasa aurensu saboda gwaggon ango ta ga baƙin kare a mafarki, alhali tun farko ita gwaggon 'yarta take so a ɗauka? Masu neman lambar caca a mafarki kuwa ba sai mun ɓata tawada ba, haram ba ta zama halal don ta zo da dare. Wanda kuma ke ƙirƙirar mafarkin da bai gani ba don ya karɓi kuɗi ko ya juya iyalinsa, hadisin Buhari ya ce ranar ƙiyama za a tilasta masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu, kuma ba zai iya ba.

Mummunan mafarki an koya mana yadda za mu yi da shi, kuma ba ya cin ko kwabo: ka yi tofi ta hagu sau uku, ka nemi tsari daga Shaiɗan, ka juya kwanciya, in ka so ka tashi ka yi salla, sannan kada ka gaya wa kowa. Wani mutum ya zo ya ce ya ga an sare kansa yana bin sa da gudu, Annabi (SAW) ya hana shi yaɗa wasan da Shaiɗan ya yi da shi. Wannan "kada ka gaya wa kowa" shi muka fi karyawa, kuma daga nan wuta ke tashi.

Ga yadda take tashi. Gida ne na haya, ɗaki takwas, famfo ɗaya. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, cikin sambatu ya ambaci sunan tsohuwar ɗakin ƙarshe, ko uwarsa ta yi mafarkin tsohuwar tana miƙa masa nama. Kafin azahar an ce mayya ce ta kama kurwarsa. A taru a ce sai ta tsallaka shi, yara su bi ta da jifa, mai gida ya ba ta notis. Ita kuwa baƙuwa ce a garin nan kamar kowannenmu, ba dangi kusa, wataƙila ƙosai take soyawa tana riƙe marayu. Shi kuma yaron da ya kamata a kai a auna jininsa tun safe, ana can ana shari'ar mafarki har jikinsa ya ƙara rikicewa. Jama'a, a duba hujja ɗaya tak. Hadisi ya tabbatar cewa Shaiɗan ba ya iya ɗaukar kamannin Annabi (SAW). Keɓe shi da aka yi yana nuna cewa kamannin sauranmu ba su da wannan kariya. Zai iya zuwa maka da fuskar kishiyarki, da fuskar abokin cinikinka, da fuskar limamin unguwarku, kuma raba tsakanin mutane ai shi ne sana'arsa. Ko ba Shaiɗan ma, wanda kika kwana kina jin haushinsa shi zuciya za ta ɗauko ta sa a wasan. Alƙali ba ya karɓar shaidar wanda ya ce "ina jin kamar na gani", yaya za a karɓi ta wanda ya ce "ina barci na gani"?

Imam Shaɗibi ya kawo wani labari a littafinsa Al'i'itisam. Alƙali Sharik ya shiga wurin Halifa Mahdi na Abbasiyawa, sai halifa ya sa a kawo takobi da shimfiɗar fata da ake yanka a kai. Sharik ya tambayi laifinsa. Halifa ya ce ya gan shi a mafarki yana taka shimfiɗarsa yana kau da kai daga gare shi, mai fassara kuma ya ce alama ce ta mai nuna biyayya a fili yana ɓoye saɓo. Alƙalin bai roƙi afuwa ba. Ya tuna wa halifa cewa mafarkinsa ba na Annabi Ibrahim ba ne, mai fassara masa kuma ba Annabi Yusuf ba ne, ya tambaye shi ko da mafarkan ƙarya ake sare wuyan muminai. Kunya ta kama halifa, ya sallame shi ya fita da kansa a wuyansa.